Darɓa, ƙudan tsando da sauro: wa ke zaune a cikinsu?

Daga Zauren Manoma da Makiyaya na Jos

Alhaji Garba, Farin Gada: Assalamu alaikum jama'a. Malama Zainab, ke nake nema. Yaron nan Sadiq ya zo min da wata magana a shago, wai darɓar da ke cin kabejinmu da dankali ba ita kaɗai take rayuwa ba, akwai wasu halittu a cikinta da in aka kashe su ita ma ta gama yawo. Na ce masa boko ya fara taɓa shi. Ya ce in tambaye ki.

Sadiq: Baba, ai sai da na ce a rufa min asiri.

Malama Zainab: Wa alaikumus salam Alhaji, ya kasuwa? Sadiq bai yi ƙarya ba. A fara duba abin da darɓa ke ci. Ba ta tauna ganye, soka baki take yi cikin jijiyar ganyen ta tsotsi ruwan da shuka ke ciyar da kanta da shi. Ruwan nan kusan duk sukari ne. Shi ya sa ganyen dawa ke danƙo yana ƙyalli, tururuwa na hawa suna sauka: rarar sukarin ce take fitarwa ta baya. To sukari ba ya gina jiki. Akwai sinadaran gina jiki kimanin 10 da ƙwaro ba ya iya haɗawa da kansa, kuma ruwan shuka ba shi da isassu.

Wata bakteriya mai suna Buchnera ce ke haɗa mata su. Ba a hanjinta take yawo ba, akwai wasu ƙwayoyin jiki na musamman da darɓa ta ware mata, nan take zaune. Uwa tana zuba ta cikin 'ya'yanta tun suna ciki, domin darɓa haihuwa take yi, kuma mafi yawan lokaci ba ta ma buƙatar namiji. An gwada ba darɓa maganin kashe bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje. Sai ta tsumbure, ta kasa haihuwar kirki.

Ita ma Buchnera ba ta iya rayuwa a waje. A 2000 masana a Japan suka karanta kundin gadonta gaba ɗaya, wato umarnin gina jiki da kowace halitta ke gada daga iyaye, suka tarar ƙwayoyin gado kimanin 600 ne suka rage mata, alhali 'yar uwarta E. coli da ke hanjin mutum tana da sama da 4,000. Duk abin da darɓa ke yi mata ta zubar da nata, ta riƙe wanda take yi wa darɓa.

Alhaji Garba: Ikon Allah. Sadiq, ka ci.

Ɗanlami Mai Feshi: To Malama, ashe abokan nan nata ne ke sa maganinmu ba ya ci? Bara mutum ya sayi kwalba uku a wurina daga Bokkos, ya dawo yana zagina wai na sayar masa da ruwa.

Sadiq: Yaya Ɗanlami ya samu wanda zai ɗora wa laifi.

Malama Zainab: Malam Ɗanlami, kar mu yi saurin yanke hukunci. Irin abin da kake nufi yana faruwa, amma a wani ƙwaron. A Japan akwai wani ƙwaro mai tsotsar waken soya, tun yana ƙarami yake ɗaukar bakteriyar Burkholderia daga ƙasar gona. A gonar da aka daɗe ana fesa maganin fenitrothion, irin Burkholderia masu cinye maganin ne ke yawaita, ƙwaron da ya haɗiye su kuwa sai maganin ya daina kama shi, a cikin rayuwarsa ɗaya, ba sai an jira jikoki ba. A 2012 aka wallafa wannan.

Amma koren darɓar dankali, nata taurin kan daga jikinta yake. Wasu daga cikinsu suna da kwafi da yawa na ƙwayar gadon da ke yin sinadarin warware guba. Ka fesa, marasa shi su mutu, masu shi su cika gonar cikin makonni. Sannan feshin yana kashe masu cin darɓar: jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, da wata 'yar mitsitsiyar rina da ke saka ƙwai a cikin darɓa, tsutsarta ta cinye ta daga ciki. In kun ga darɓa ta kumbura ta bushe ta yi ruwan ƙasa a bayan ganye, aikin rinar ne.

Ɗanlami Mai Feshi: Wannan na sha gani. Na ɗauka sanyi ne ya kashe su.

Malama Zainab: Kuma ko nan bakteriya ta shigo. Wasu darɓar suna ɗauke da ta biyu, Hamiltonella, wadda ke kashe tsutsar rinar kafin ta girma. Ba dole ce gare su ba kamar Buchnera, shi ya sa wasu na da ita wasu babu. Inda rina ta yi yawa masu ita ke rinjaye. Inda babu rina sai su ragu, domin ɗaukarta ma nauyi ne.

Alhaji Garba: Ni dai abin da ya dame ni iri. Dankalin da muke maimaita irinsa shekara uku huɗu sai ya riƙa ƙanƙancewa, ganye na nannaɗewa.

Malama Zainab: Wannan bairos ne Alhaji, darɓa ke kwashe shi daga shuka zuwa shuka a bakinta, kuma yana bin iri. Tsotson da take yi bai kai shi ɓarna ba. Maganinsa canza iri da tsaftatacce, a tuntuɓi tashar binciken dankali ta Kuru. Baƙin ciwon ganyen da ke zuwa da damina kuwa daban ne, babu ruwan darɓa.

Dakta Usman, Bukuru: Malama ta yi na manoma, bari in ja zancen zuwa ruga kafin Ardo ya ce an manta da shi. Ƙudan tsando ma haka yake, nasa ma ya fi ban mamaki. Jini kaɗai yake sha, mace da namiji. Jini na da gina jiki, amma yana da ƙarancin bitamin B. Wata bakteriya, Wigglesworthia, ita ke ba shi. Ƙudan tsando ba ya saka ƙwai kamar ƙudan gida. Tsutsa ɗaya tak ke girma a cikin uwar, tana shayar da ita wani farin ruwa daga jikinta, bayan kamar kwana 9 zuwa 10 ta haife ta, tsutsar ta nutse cikin ƙasa. Ta cikin ruwan nan bakteriyar ke wucewa ga ɗa. A raba mace da Wigglesworthia, ciki ya riƙa zubewa, ta zama juya.

Ardo Buba (ɗansa Jauro ke rubuta masa): Baba ya ce a gaishe da Likita. Ya ce ƙuda mai nono kuma? Ya ce shekarunsa duk a bayan shanu bai taɓa jin wannan ba. Amma ya ce maganar halittu a ciki ba baƙuwa ba ce, saniya ma in aka ɗirka mata magani da yawa tumbinta yana mutuwa, ta daina tuƙa, ciyawa ta fito yadda ta shiga.

Dakta Usman: Ranka ya daɗe, ka gama bayanin. Saniya ba ta narkar da ciyawa da kanta, halittun tumbi ke yi. Na ƙwari kawai ya fi tsanani ne, don wasu sun shiga har cikin ƙwayoyin jiki, ana gadonsu daga uwa.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu: da can an san tudun Jos da rashin tsando, tsayin wurin da sanyinsa sun hana shi. Yana cikin dalilan da shanu suka taru a nan, kuma cibiyar binciken dabbobi ta zauna a Vom tun 1924. Yanzu ba haka ba ne, bincike ya sha samun tsando da sammore a kan tudun. Kuma a jikin ƙudan akwai wata bakteriya ta biyu, Sodalis, da ake alaƙanta ta da saurin kamuwarsa da ƙwayar sammore. Ba kowane ƙuda da ya ciji saniya mai ciwo ke ɗaukar cutar ba, mafi yawansu jikinsu na kashe ta. Masana na ƙoƙarin gyara Sodalis ɗin ta zama ita ke kashe ƙwayar a cikin ƙudan. Yana ɗakin gwaji tukuna.

Sista Ladi: Ina wuninku. Ina ta karantawa daga wurin aiki. Dakta, akwai wadda ba ku ambata ba kuma mu ma'aikatan lafiya a Filato mun san ta ko da ba mu san sunanta ba a lokacin. Mun yi shekaru muna shiga ƙauyuka da sandar awon tsayi muna raba Mectizan saboda makantar da ɗan baƙin ƙudan bakin rafi ke kawowa, da kuma tundurmi da gwaiwa da sauro ke yaɗawa. Cibiyar Carter da ke da ofis a nan Jos ta yi aikin tare da gwamnati. A 2017 aka sanar Filato da Nasarawa sun rabu da tundurmi a matsayin matsalar lafiyar jama'a, daga baya aka dakatar da rabon maganin makantar ma a jihohin biyu.

Mutane kan tambaye mu me ya sa kowace shekara sai an sha. Dalili shi ne Mectizan 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana nan cikin ƙulli a ƙarƙashin fata, takan kai shekara 10 zuwa 15 tana haihuwa. Ashe ita ma uwar da bakteriya take rayuwa, Wolbachia. In aka ba majinyaci maganin kashe bakteriya mai suna doksisaikilin na mako 4 zuwa 6, bakteriyar ta mutu, uwar ta daina haihuwa, a hankali ita ma ta bi. Har kumburin da ke lalata ido, an gano Wolbachia da ke fita daga matattun 'ya'yan tsutsar tana da hannu a ciki.

Ɗanlami Mai Feshi: To me ya hana a raba shi kawai a huta?

Sista Ladi: Wa zai bi mutum gona kullum na mako shida? Kuma ba a ba mai ciki, ba a ba ƙananan yara. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya wuce kemis. Mai kumburin ƙafa ya je asibiti.

Malama Zainab: Na gode Sista, kin buɗe min ƙofa. Wolbachia ce babbar cikinsu. A 1924 wasu masana biyu a Amurka, Hertig da Wolbach, suka fara ganin ta a cikin sauron gida. Yanzu ana ƙiyasin kusan rabin nau'o'in ƙwari na duniya suna ɗauke da ita. Amma halinta a ƙwari ba irin na Buchnera ba ne. A kuɗin cizo tana ba da bitamin B, can abokiyar zama ce. A sauran da yawa kanta kawai take yi wa aiki.

Ta ƙwai take wucewa, ba ta wucewa ta namiji. Wato duk namijin da take ciki, a wurinta hanya ta ƙare. Sai ta yi dabaru. A wasu ƙwarin tana kashe 'ya'ya maza tun a ƙwai, 'yan'uwansu mata su samu abinci. A wasu tana mayar da namiji mace. A wasu ƙananan rina tana sa mace ta haifi mata zalla ba tare da namiji ba. Wadda ta fi yawa kuwa ita ce wannan: namiji mai ita in ya sadu da mace marar ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Mace mai ita kuwa ko da wa ta sadu ƙwanta lafiya, kuma duk 'ya'yan sun gaje ta. Ka ga marasa ita kullum asara suke, masu ita na ƙaruwa har su mamaye wurin.

Sadiq: Anti, wannan bakteriyar ba ta son maza ko kaɗan. A kai ta gaban Hisba.

Hajiya Binta, Gangare: A bar ta, ta san abin da ta gani.

Malama Zainab: Hajiya, mazan ma sun rama. A tsibiran Samoa akwai wani malam-buɗe-littafi da Wolbachia ta kusa ƙarar da mazansa, a 2001 namiji kamar 1 ne cikin 100. Zuwa 2006 da aka koma, an tarar maza da mata sun kusa daidaita. Bakteriyar tana nan, amma wata ƙwayar gado da ke hana ta kisa ta bazu, domin namijin da ya tsira shi ke da matan garin duka. Zuriya kamar 10 kacal. A Yuganda ma akwai wani irinsa da maza suka yi ƙaranci har mata ke taruwa a kan tudu suna jiran namiji, alhali a al'adar ƙwari maza ne ke taruwa.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Ina jin daɗin bayanin, kuma duba halittar Allah ibada ce, ba banza aka yi surar Nahli da surar Namli ba. Amma Malama, Sadiq ya turo min a gefe cewa wai darɓa da bakteriyarta sun shekara miliyan 200 tare. Wa ya ƙirga? Nan ne nake tsoron ana shigo mana da aƙidar juyin halitta ta bayan gida, da sunan maganin ƙwari.

Sadiq: Malam, a gefe fa na turo.

Malama Zainab: Malam, tambayarka a kan hanya take. Abu biyu ne. Na farko an gan shi da ido a zamaninmu: malam-buɗe-littafin Samoa, da darɓar da ta daina jin feshi, da kulorokwin da iyayenmu suka sha ya yi aiki mu kuma ya daina mana. Ga wani: a jihar Arizona ta Amurka, farin ƙudan nan irin mai addabar tumatir da rogo, a 2000 kashi 1 cikin 100 ne ke ɗauke da bakteriyar Rickettsia, a 2006 sun kai kashi 97, don masu ita sun fi haihuwa kuma mata suka fi haifa. Shekara shida. Wannan awo ne.

Na biyu ƙiyasi ne. Masana sun zana dangantakar nau'o'in darɓa, suka zana ta Buchnera ɗinsu daban, sai reshe ya hau kan reshe: duk inda darɓa ta rabu gida biyu, bakteriyar ma ta rabu. Suka haɗa da shekarun darɓar da aka samu a daskare cikin tsohon ƙaron itace da duwatsu, suka fitar da tazara tsakanin miliyan 160 zuwa 280. Faɗin tazarar ma ya nuna maka lissafi ne. Ni na yarda da hanyar lissafin, don da irinta ake bin sawun annoba a gane daga ina ta taso.

Ustaz Nura: Na farkon ban ja ba, darɓa dai ta tashi darɓa ta kwana darɓa. Na biyun ina nan a kan bakana. Bin sawun annobar bara daban, miliyoyin shekaru daban.

Dakta Usman: Malam, ko da ka ajiye adadin, tambayar tana nan: me ya cinye ƙwayoyin gado dubu uku da wani abu na Buchnera, alhali ana ganin ragowar wasu a lalace a cikin kundin?

Ustaz Nura: Wanda ya halicce ta ya fi ni sanin abin da ya ba ta da abin da ya hana ta.

Shugaban Zaure: Malamai, wannan ba za ta ƙare a daren nan ba, kuma ba don ita aka buɗe zaure ba. A koma kan ƙwari.

Hajiya Binta: Ni tambayata ta gida ce. Na ji a rediyo wai akwai ƙasar da gwamnati ke kiwon sauro tana sakewa cikin unguwanni. Wannan Wolbachia ɗin ce?

Malama Zainab: Ita ce Hajiya. Sauron Aedes aegypti, mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana, shi ke kawo zazzaɓin dengi da shawara. A asalinsa ba shi da Wolbachia. Masana a Ostireliya suka ciro ta daga ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen ayaba suka sa masa a ƙwai, sai aka ga bairos ɗin dengi ba ya iya yawaita a jikinsa. A 2011 aka fara sakin irinsa kusa da garin Cairns. Da dabarar ƙwan nan da na faɗa, sai ya maye gurbin sauron garin da kansa. Gwaji mafi ƙarfi a Yogyakarta ta Indonesiya aka yi: aka raba birnin yanki-yanki, wasu aka saki wasu aka bari. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna dengi ya ragu da kashi 77 cikin 100, kwanciya asibiti ta ragu da kashi 86. Singafo kuma maza kaɗai take saki, su da ba sa cizo, don ƙwan matan gari ya lalace.

Kwamared Isa, Angwan Rogo: Na yi shiru ne ina jiran a zo nan. Kullum haka ake farawa, da labari mai daɗi da kashi cikin ɗari. A 1996 a Kano ma taimako aka ce an kawo lokacin sanƙarau, aka gwada wani sabon magani, Trovan, a kan yara, har yau akwai gidajen da ba su manta ba. Yau a ce min Bature zai kiwata sauro ya sako min a lungu, ya ciji ɗana, ya zuba masa bakteriyar da ku da bakinku kuka ce tana hana haihuwa? Allah ya kiyaye.

Sista Ladi: Malam Isa, abin Kano ya faru, kuma mu muka ɗanɗana kuɗarsa, don shekaru bayan nan ana rufe mana ƙofa in mun zo da rigakafi. Amma Wolbachia ba ta rayuwa a jikin mutum. Sauron gidan nan mai kuka a kunne yana ɗauke da ita tun asali, kuma ya cije ka ya ciji kakanka.

Kwamared Isa: Wancan Allah ya sa masa. Wannan mutum ne ya sa da allura.

Malama Zainab: Gaskiya ne, kuma a nan ina tare da kai rabi. Ba a taɓa ƙwayoyin gadon sauron ba, wannan ya bambanta da sauron da ake sauya wa halitta. Amma abu ne da in ka sake shi ba ka iya kiransa ya dawo, don haka mutanen unguwa ne ya kamata su ce e ko a'a, bayan an yi musu bayani da harshensu, ba a sa hannu a Abuja a zo a sanar da su ba. A Bali ta Indonesiya ɗin ma, a ƙarshen 2023 an ɗage sakin saboda jama'a sun ƙi, duk da sakamakon Yogyakarta. Inda ban yarda da kai ba shi ne a rufe kunne gaba ɗaya. Dengi yana ƙasar nan, an tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023, kuma da yawa ana yi masa maganin maleriya ne a wuce.

Kwamared Isa: In namu masanan ne suka kiwata, suka fara saki a unguwarsu, sai mu yi magana.

Hajiya Binta: Ni dengi bai dame ni kamar maleriya ba. Jikokina duk damina sai sun kwanta.

Malama Zainab: Nan ne aikin ya yi wuya Hajiya. Sauron maleriya, Anopheles, ya ƙi karɓar Wolbachia cikin sauƙi. Amma akwai labari biyu. A 2020 masu bincike a cibiyar nazarin ƙwari ta icipe a Kenya suka samu wata halitta a cikin sauron gonakin shinkafa, Microsporidia MB, wadda sauron da ke ɗauke da ita ba ya yaɗa maleriya. Ita ba bakteriya ba ce, dangin naman gwari ce, kuma uwa na ba 'ya'ya. Na biyu a Sifen ya faru, a ɗakin binciken wani kamfanin magunguna: sauron da suke kiwo don gwaji ya daina kamuwa da maleriya, aikinsu ya tsaya. Da suka bincika sai suka tarar wata bakteriya, Delftia, ta shiga hanjinsu tana fitar da sinadarin da ke hana ƙwayar maleriya girma. An wallafa a 2023, an kuma gwada a cikin keɓaɓɓen fili a Burkina Faso. Babu ɗaya da ya iso unguwa tukuna. A ci gaba da shiga gidan sauro.

Ɗanlami Mai Feshi: Wato nan gaba sana'ata za ta mutu ke nan.

Malama Zainab: Ba yanzu ba. Amma tunda ka yi magana, maganin ciyawan nan gilaifoset da ake fesawa kafin shuka, a 2018 an nuna yana rage bakteriyar hanjin ƙudan zuma, ya bar shi da saurin kamuwa da cuta. Kar a fesa kan ciyawa mai fure da rana tsaka lokacin da zuma ke kiwo.

Ardo Buba (ta hannun Jauro): Baba ya ce yana da tambaya ga Likita. Ya ce tunda maganin bakteriya na mayar da ƙudan tsando juya, in aka yi wa garke duka allurar teramaisin, ƙudan da ya sha jininsu ba zai daina haihuwa ba? Ya ce ai da an huta da sammore.

Dakta Usman: Ranka ya daɗe, wallahi haka ake yi a ɗakin gwaji, cikin jinin da ake ba ƙudan ake zuba maganin. Amma a daji ba za ta yiwu ba. Tsando ba shanunka kaɗai yake sha ba, yana shan gadu, da guza, da kada, da mutum a bakin rafi. Kuma kafin ka kai ga ƙudan ka lalata tumbin da kai da kanka ka ambata, maganin ya fito a nonon da ake kai wa kasuwar Terminus yara su sha, sannan ranar da saniya ta kamu da ciwon gaske allurar ta ƙi ci. Wannan ta ƙarshen muna ganin ta yanzu haka.

Amma tunaninka na bin ta haihuwa daidai ne, don ƙudan da ke haihuwar ɗa ɗaya a kwana goma ba ya jure asara. A shekarun 1980 an kiwata tsando a Vom, aka mayar da mazan juya da haske mai ƙarfi, aka sake su a yankin Lafiya. A tsibirin Unguja na Zanzibar da wannan hanya aka ƙarar da shi a 1997, can teku ya hana wani shigowa. Mu nan daji a haɗe yake, in aka daina sa ido sai ya dawo daga maƙwabta. Abin da ke hannunka yau shi ne tarkon shuɗi da baƙin ƙyalle a mashaya, da maganin da ake zubawa a gadon bayan saniya, kuma a gwada jini kafin a yi allurar sammore ta Berenil ko Samorin, don ba kowace rama ce sammore ba.

Ardo Buba (ta hannun Jauro): Ya ce ya ji. Ya ce shanu huɗu ne suka rame tun dawowarsu daga kudu, gashin wutsiya na zuba, an yi musu Berenil sau biyu babu canji. Ya ce yaushe Likita zai shigo.

Dakta Usman: Kar a ƙara musu komai. Ranar Asabar da safe in sha Allahu, kafin a sake su kiwo. Jauro, ka ware huɗun, ka ajiye min kwalaben da aka yi amfani da su in ga kwanan wata da inda aka saya.